Yadda Ake Ciro Feritin Daga Saifar Saniya a Kuma Auna Ƙarfen da Ke Cikinsa

Duk ɗalibin da aka ce masa ya je ɗakin gwaje-gwaje ya ware furotin mai riƙe ƙarfe, ni shawarar da zan ba shi ita ce ya fara da feritin, kuma daga saifa. Yana da launi, da idonka za ka riƙa bin sa daga kwalba zuwa kwalba. Yana jure zafin da ke lalata sauran furotin. Kayan aikinsa kuma ba su wuce abin da sashen nazarin sinadaran jiki na kowace jami'a zai iya haɗawa ba.

Feritin rumbu ne. Jiki ba ya barin sinadarin ayon, wato ƙarfen da ke cikin jiki, yana yawo sakaka, domin idan ya gamu da oksijin yakan haifar da abubuwan da ke ƙona ƙwayoyin jiki. Sai ya tura shi cikin wata ƙwallo mai rami wadda aka gina da sassa 24. Faɗinta daga waje kusan nanomita 12 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ramin ciki kusan 8, kuma tana iya ɗaukar atom na ayon har 4,500. A 1937 wani masani ɗan Chekoslobakiya, Vilém Laufberger, ya fitar da shi daga saifar doki da taimakon gishirin kadmiyam. Sam Granick ya gyara hanyar a Amurka a 1942, kuma har yau a kan sawunsu ake tafiya. Saifa kuwa ita ce wurin da ake rushe tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ayon ya taru a cikinta.

Kafin ka taɓa nama

Aikin farko wanki ne, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa. Ayon yana ko'ina: a ruwan famfo, a ruwan rijiyar burtsatse, a ƙurar hunturu da ke sauka kan tebur, a tsatsar cokalin awo. Duk kwalbar da za ka yi awon ayon a cikinta, jiƙa ta kwana guda a ruwan asid na haidirokulorik mai ƙarfin mola 1 (mola awon yawan sinadari ne a lita guda), ka ɗauraye sau da yawa da tataccen ruwan da aka cire wa gishiri, ka kife ta ta bushe a rufe. Inda roba za ta yi aiki, ka bar gilashi. Cokalin ɗiban sinadari ma na roba. Wuƙar bilenda ba za ta dame ka ba a matakin farko, ayon ɗin saifar ya ninka abin da za ta zubar nesa ba kusa ba, amma da zarar an wuce niƙa sai a raba aiki da ƙarfe.

Sai zuwa mayanka. Je da sassafe da kula cike da ƙanƙara, ka karɓi saifar dabbar da likitan dabbobi ya duba ya yarda da ita. Wannan ba maganar tsafta kaɗai ba ce. Ciwon da makiyaya ke kira ciwon saifa, wato antaraks, yana kumbura saifa ta yi baƙi ta yi laushi kamar za ta narke, kuma zafin da za mu yi amfani da shi a wannan aiki ba ya kashe ƙwayoyinsa. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja a watan Yulin 2023. Saifar da ta kumbura fiye da kima, ko ta dabbar da ta faɗi ta mutu da kanta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Idan akwai zaɓi, ɗauki ta tsohuwar dabba, ta fi ta maraƙi ayon. Safar hannu da rigar aiki tun daga nan.

Niƙa da dafawa

Giram 200 ya isa gwajin farko. Ɓare fatar da ta lulluɓe saifar, cire kitse da jijiyoyi, yayyanka ƙanana, ka ɗauraye da ruwan gishiri mai sanyi don rage jini. Zuba a bilenda da tataccen ruwa mai sanyi mililita 800, wato ninki huɗu na nauyin naman. Niƙa na rabin minti, ka huta, ka sake, har ta zama kamar kunu. Ɗebi mililita 5 ka ajiye a firji, ka rubuta masa lamba. Haka za ka yi a kowane mataki, kuma can gaba za ka ga amfaninsa.

Yanzu mataki mafi muhimmanci. Juye niƙan a babban bika, ka sa shi cikin tukunyar ruwan zafi, kada ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Tsoma ma'aunin zafi a cikin niƙan kansa, ba a ruwan tukunya ba, kana juyawa babu tsayawa. Idan ya kai digiri 70 zuwa 75, riƙe shi a nan minti 10. Za ka ga jan kunun nan ya dusashe ya koma launin dafaffen nama, yana gudaji. Abin da ke faruwa da ƙwai a cikin ruwan zafi ne ya faru da himogulobin, furotin ɗin da ke ba jini launin ja, da mafi yawan furotin ɗin saifar. Feritin kuwa, saboda yadda sassansa 24 suka sarƙe da juna, yana nan daram cikin ruwan.

Ana yin kuskure ta fuska biyu a nan. Mai tsoro yakan tsaya a digiri 60, himogulobin ya ƙi mutuwa duka, ya bi shi har ƙarshen aiki yana yi masa jan launi na ƙarya. Mai gaggawa kuma yakan ƙara wuta, gindin bikan ya haura 80 sosai alhali samansa bai kai ba, feritin ya fara tafiya tare da gudajin. Juyawa ce maganin duka biyun. Hannu zai gaji, haka aikin yake.

Minti goma na cika, ka tsoma bikan cikin ƙanƙara ya huce da sauri. Tace da ƙyallen tata ninki huɗu, irin wanda ake tace gasara, ka matse. Ruwan da ya fito ka raba shi a bututan santirifuj, wato injin wulwulawa, ka daidaita nauyinsu biyu-biyu a kan sikeli, ka wulwula a ƙarfin 10,000 g na minti 30. Idan injinku ƙarami ne da ba ya wuce 4,000 g, ƙara lokaci zuwa awa guda. Lura, g, wato awon ƙarfin da wulwulawa ke jan abu ƙasa, daban, adadin zagaye a minti daban. Kowane inji da faɗin kansa, sai ka duba takardarsa ka yi lissafi. Ruwan da ke bisa shi ne naka, launinsa kamar shayin da ba madara. Abin da ya kwanta ka zubar, har da himosidarin, wani ma'ajin ayon ɗin da ba ya narkewa.

Tsami, sannan gishiri

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai awara ya riga ya san wannan mataki. Ana zuba ruwan tsami a madarar waken suya, furotin ya dunƙule ya rabu da ruwa. Kowane furotin yana da iyakar tsamin da idan aka kai shi nan cajinsa ke mutuwa, ya daina narkewa. Mu ma haka za mu yi, sai dai awarar ce ba mu so, ruwan muke so. Sa ma'aunin pH, wato awon tsami, a cikin ruwan, kana ɗiga asid ɗin asetik mai mola 1, ɗigo-ɗigo, har ya sauka 4.8. Kada ka zarce, don iyakar feritin kansa ba ta da nisa ƙasa da nan. Ajiye a firji aƙalla awa guda, ka sake wulwulawa, ka riƙe ruwan, ka mayar da pH ɗinsa kusa da 7 da ɗan sodiyam haidiroksaid marar ƙarfi.

Auna yawan ruwan da silinda, don lissafin gishiri a kansa ya dogara. Amoniyam salfet za ka zuba har ya kai rabin abin da ruwan zai iya sha. A sanyin ƙanƙara wannan giram 291 ne a kowace lita, a digiri 25 kuma giram 313. Gaskiya ne shi ne dai takin zamanin da ake sa wa gona, amma na buhu cike yake da datti da ƙarafa, na kwalbar ɗakin gwaji za ka nema. Daka shi ya yi laushi, kana barbaɗawa kaɗan-kaɗan ruwan na juyawa, sai wanda ka zuba ya narke ka ƙara wani. Idan ka antaya shi gaba ɗaya, gishirin zai yi yawa a wuri guda ya kwantar da abin da ba ka nema. Kada kuma ka bari ya yi kumfa, kumfa alamar furotin na lalacewa ce. Bar shi ya kwana a firji.

Washegari ka wulwula. A nan fa sai ka natsu, domin sau biyu kana riƙe ruwa kana zubar da abin da ya kwanta, hannu ya saba. Wannan karon abin ya juya. Feritin yana cikin laka mai launin jan ƙasa da ta manne a gindin bututu, ruwan ne abin zubarwa. Ba ɗalibi ɗaya ba, ba biyu ba, sun wanke aikin kwana biyu a famfo a daidai wannan gaɓa. Ni dai abin da nake gaya wa kowa shi ne kada a zubar da komai sai an gama awo.

Narkar da lakar a ruwa kaɗan, mililita 10 zuwa 15. Zuba a jakar dayalisis mai barin duk abin da bai kai nauyin dalton 12,000 zuwa 14,000 ba ya fice (dalton awon nauyin ƙwayar sinadari ne). Dabarar ɗaya ce da ta wankin ƙoda a asibiti, gishiri ya fita ta ƙananan ƙofofi, babban furotin ya maƙale. Bar sarari a jakar kafin ka ɗaure, ruwa zai shiga ta kumbura. Jefa ta cikin lita 2 na tataccen ruwa a firji, ka canza ruwan sau uku ko huɗu cikin kwana guda. Kana son sanin ko gishirin ya ƙare? Ɗebi ruwan waje kaɗan ka ɗiga masa bariyam kulorayid. Idan ya yi fari kamar an zuba madara, da sauran salfet. Idan ya tsaya garau, ka gama. Sake wulwulawa don kawar da duk abin da ya dunƙule a jakar.

Tsarkakewa ta ƙarshe

Hanya uku ce, kowa da abin da ɗakinsa ke da shi.

Mai babban injin da ke kaiwa 100,000 g ya huta. Awa biyu a wannan ƙarfi, nauyin ayon zai ja feritin ƙasa ya bar sauran a sama. Aibinta ɗaya, ƙwallayen da ba su da ayon sosai ba sa sauka, don haka abin da za ka samu ya fi na cikin saifar cika.

Hanyar da na fi so ita ce ta kolom. Cika dogon bututun gilashi, wato kolom ɗin, da ƙwayoyin jel na Sephacryl S-300, ko Sephadex G-200 idan akwai tsohon ajiya a kabad, ka wanke shi da bafa, wato ruwan da ke riƙe pH a wuri guda, ta Tris mai pH 7.4 da sodiyam kulorayid mola 0.15. Ɗora samfurinka a hankali, kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na girman kolom ɗin. Wannan rariya ce da ke aiki a juye. Ƙananan furotin suna kutsawa cikin ramukan ƙwayoyin jel su ɓata lokaci, manya su bi ta gefe su riga fita. Feritin, da nauyinsa ya haura dalton 440,000, yana cikin na gaba-gaba. Za ka ga zoben jan ƙasa yana gangarowa, ka tara shi a ƙananan bututai, mililita biyu-biyu. Kada kolom ya bushe ko na minti ɗaya. Idan kuna fama da ɗauke wuta, ka manta da famfon lantarki, ka rataye kwalbar bafa a sama ruwan ya sauko da kansa.

Ta uku ita ce ta Laufberger. Ɗauki samfurin da ke cikin ruwa zalla, ka zuba masa ruwan kadmiyam salfet har ya zama kashi 5 cikin ɗari, ka ajiye a firji. Cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗigo guda a ƙarƙashin madubin ƙara girma zai nuna maka ƙananan duwatsu masu fuska takwas, launin ruwan goro. Abin sha'awa ne ƙwarai, ya kamata kowane ɗalibi ya gani sau ɗaya. Amma kadmiyam guba ne, yana lalata ƙoda, yana jawo sankara, ruwansa kuma a kwalba ta musamman ake tara shi, ba a zuba shi a kwata. Sannan yana manne wa furotin ɗin, sai an yi doguwar dayalisis kafin ya fita. Da ɗan kaso za ka yi wannan, ba da duka ba. Kada kuma a samu fosfet a ciki, shi da kadmiyam suna haɗuwa su kwanta, ka zaci feritin ne.

Da me za ka tabbatar feritin ne?

Launi ba shaida ba ne. Fara da na'urar auna haske, ka bi samfurin daga nanomita 700 zuwa 250. Feritin ba shi da tsini a yankin hasken da ido ke gani, layinsa hawa kawai yake yi a hankali yayin da ake gangarawa. Idan ka ga tsini mai kaifi wajen 405 zuwa 415, jini ne ya biyo ka, dafuwarka ba ta yi ba.

Sannan jel. Haɗa jel na poliyakirilamaid mai kashi 5 ko 6 cikin ɗari wanda lantarki ke tura furotin a cikinsa, ba tare da SDS ba, sinadarin da ke warware furotin, don ƙwallon ya tafi a cikakkensa. Sa samfurin a layi biyu, bayan an gama ka raba jel ɗin gida biyu. Rabi ka rina da Coomassie, mai kama kowane furotin. Ɗaya rabin ka jiƙa a haɗin potasiyam ferosayanaid kashi 2 da asid ɗin haidirokulorik kashi 2, daidai wa daida, wanda ka haɗa nan take. Duk inda ayon yake zai yi shuɗi kamar an tsoma a baba. Gwajin Perls ke nan, tun 1867 ake yin sa, kuma da shi ake duba ayon a yankan tsoka a asibiti. Kada ka ɗumama wannan haɗi, da zafi yana iya sakin iskar sayanaid. Jera rabin biyu gefe da gefe. Idan zanen da ya fito a na farko shi ne ya yi shuɗi a na biyu, aiki ya yi. Wani siririn zane a samansa mai shuɗi shi ma ba datti ba ne, ƙwallaye ne da suka manne biyu-biyu. Zanen da ya kama Coomassie ya ƙi shuɗi, wannan baƙo ne.

Jel mai SDS, kashi 15, bayan an tafasa samfurin da makaptoyitanol, zai wargaza ƙwallon ya nuna sassansa wajen dalton 20,000. Iri biyu ne, H da L. Na saifa da hanta L ya fi yawa, na zuciya H.

Awon ayon da na furotin

Kada ka auna furotin ɗin da hasken nanomita 280 kamar yadda aka saba. Ayon ɗin ciki yana shan wannan haske sosai, zai ba ka lamba mai kumburi. Yi amfani da hanyar Lowry ko ta Bradford.

Ayon kuma da ferozin ake auna shi, sinadarin da ke yin launi idan ya kama ayon, wanda Stookey ya fito da shi a 1970. Ɗauki samfur kaɗan, ka sa masa asid ɗin haidirokulorik, ka rufe ka dafa a ruwan zafi har ayon ya fito daga rumbunsa, ka wulwula ka kawar da mataccen furotin. Zuba asid ɗin askobik, wato bitamin C, domin ferozin ba ya kama ayon sai mai caji biyu. Sa amoniyam asitet ya rage tsamin, sannan ferozin. Ruwan zai koma shunayya, ka karanta a nanomita 562. Na kwatance kuwa, giram 0.702 na feros amoniyam salfet a lita guda mai ɗan asid yana ba da miligiram 100 na ayon a lita, daga nan ka tsarma kashi biyar ko shida ka ja layinka. Kullum ka haɗa da bututu guda da ke da komai ban da samfur. Idan shi ma ya yi shunayya, wankinka ne bai fita ba, ko ruwanka, kuma duk lambobin ranar sun tashi a banza.

Ga yadda lissafin yake, a misali. A ce ka samu miligiram 0.2 na ayon a kan kowane miligiram 1 na furotin. Raba 0.2 da 55.85, ka samu maikuromol 3.58 na ayon. Idan ka ɗauki nauyin ƙwallon a 480,000, miligiram 1 ya zama nanomol 2.08. Maikuromol 3.58 shi ne nanomol 3,580, raba shi da 2.08, kusan atom 1,700 ke nan a kowace ƙwallo. Kada ka damu don bai kai 4,500 ba, da wuya a samu rumbun a cike. Idan kuwa ya haura haka, akwai kuskure a awo.

Yanzu ɗauko ƙananan samfuran nan da ka riƙa ajiyewa, ka auna su duka, ka jera a jadawali: yawan ruwa, jimillar furotin, jimillar ayon, da ayon a kan kowane miligiram na furotin. Daga bayan dafuwa zuwa ƙarshe, lamba ta ƙarshen nan hawa ya kamata ta riƙa yi. Inda jimillar ayon ta faɗi warwas, a nan ka yi asara, kuma nan za ka gyara a karo na biyu. Lambar ɗanyen niƙa kada ta ruɗe ka, akwai ayon ɗin jini da na himosidarin a cikinta.

Kwashe rumbun, a sake cika shi

Wannan shi ne gwajin da ke nuna furotin ɗin yana da rai. Sa kaso ɗaya a jakar dayalisis cikin bafar asitet mai pH 5.5 da asid ɗin tayogilaikolik kashi 1 cikin ɗari. Yana da wari marar daɗi, a akwatin zuƙe hayaƙi ake buɗe shi. Yana sauya ayon ya koma mai narkewa ya fice daga jakar. Canza ruwan akai-akai har jan ƙasan ya ɓace, sannan ka wanke da ruwan gishiri sau da yawa. Abin da ya rage shi ne apoferitin, ƙwallo ba komai a ciki. Siffarsa ce Pauline Harrison da abokan aikinta suka yi shekaru suna bi a Jami'ar Sheffield ta Ingila, kuma da shi aka kai ga ganin atom ɗai-ɗai a madubin lantarki mai daskarar da samfur a 2020.

Zuba apoferitin a bafar MOPS ko HEPES mai pH 7, ban da fosfet, don yana kama ayon ya rikita sakamako. Haɗa sabon ruwan feros amoniyam salfet a cikin ɗan asid, a ranar, ka ɗiga kimanin atom 200 ga kowace ƙwallo, ka bi hawan haske a nanomita 310 na 'yan mintoci. A gefe ka yi irinsa da bafa kaɗai. A bututun da babu furotin, ayon zai yi tsatsa, daga baya ya kwanta. A mai apoferitin ruwan zai yi ruwan goro ya tsaya garau, ko ka wulwula a ƙaramin inji ba abin da zai sauka.

Sauran feritin ɗinka ka tace shi ta matata mai maikuron 0.22, ka ajiye a firji a digiri 4, kada ya shiga firiza.

Wanda zai wuce daga nan zuwa metalotayonin, wani furotin mai riƙe ƙarfe da Margoshes da Vallee suka gano a ƙodar doki a 1957, zai tarar shi ma yana jure zafi, don haka matakin dafuwa yana nan. Sauran kuwa sai an sauya. Ƙarami ne ƙwarai, amino asid, wato tubalan gina furotin, kusan 61, 20 daga ciki irin da ake kira sistin ne, yana riƙe atom 7 na zink ko kadmiyam. Sephadex G-75 yake so. Ba ya shan hasken 280, a wajen 254 ake bin mai kadmiyam. Tsami yana saɓule masa ƙarfensa, saboda haka babu zancen pH 4.8, babu EDTA, sinadarin da ke kame ƙarfe, a bafa, kuma dole a sa ɗan makaptoyitanol a kowane ruwa don kada iska ta lalata sistin ɗinsa.